Dukiyar da ke Barci a Ƙarƙashin Ƙasar Zuru: Furanni Masu Albasa da Ƙawata Gidajenmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

An umarce ni da in yi magana a kan furannin da ke fitowa daga albasa, da ire-irensu, da yadda ake shuka su. Na san a cikin wannan zaure akwai mai cewa a ransa: ga matsalar tsaro, ga hanyoyi sun lalace, ga matasa babu aikin yi, ina mu ina zancen fure? Tambaya ce mai kyau, kuma ina roƙon a ba ni aron kunne, domin kafin in zauna za a ga cewa zancen ya shafi gidajen da muke ginawa, ya shafi lafiyar 'ya'yanmu, ya kuma shafi wani gado da yake sulalewa daga hannunmu ba tare da mun lura ba.

Duk wanda ya zagaya Zuru da Dabai da Rikoto da Senchi, ko ya leƙa Ribah da Mahuta da Dirin Daji, zai ga sababbin gidaje na 'yan uwanmu mazauna birane. Gini ya yi gini, rufi ya yi rufi. Sai dai da ka tura ƙofa za ka tarar an malale tsakar gida da siminti ko intalok tun daga bakin zaure har gindin katanga, babu ko tafin hannu na ƙasa da aka bari. Idan bazara ta yi, gidan ya zama tanda. Idan ka tambayi maigidan dalili, zai ce: “Ni da nake zuwa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, wa zai riƙa yi mini ban ruwa?” Amsar wannan tambaya tana nan a duwatsunmu da fadamunmu. Akwai tsirrai da aka halitta domin su jure watanni shida babu ɗigon ruwa, su kuma tashi da kansu da zarar sama ta zubo. Su ne furanni masu albasa.

Mene ne fure mai albasa?

Kowa a nan ya san rumbu. Manomi yakan tara hatsi da kaka domin ya ci da rani. To, wasu tsirrai ma suna da nasu rumbun, sai dai a ƙarƙashin ƙasa suke gina shi. A ƙasarmu ruwan sama yakan sauka daga wajen ƙarshen Afrilu ko Mayu, ya ɗauke a Oktoba. Daga nan sai hunturu, sai gobarar daji, sai zafin bazara. Tsiron da ba itace ba, hanya biyu gare shi: ko ya zubar da iri ya mutu kamar gero da dawa, ko ya tattara abincinsa da ruwansa ya ɓoye a ƙasa, ya bar ganyensa ya bushe, ya kwanta barci. Wuta za ta bi ta kansa ta wuce, dabbobi su tattake wurin, shi kuwa yana nan da ransa. Ruwan farko na sauka sai ya farka, kuma da yake guzurinsa a shirye yake, yakan riga ciyawa fitowa. Wasu ma furen ke fara ɓullowa tun kafin ganye.

Albasar miya ita ce misali mafi kusa. Idan uwargida ta raba ta biyu daga sama zuwa ƙasa, za ta ga ɓawo a kan ɓawo. Waɗannan ɓawon gindin ganye ne da suka yi kauri saboda abincin da aka tara a cikinsu. A ƙasa akwai ɗan faifai mai tauri inda saiwoyi ke fitowa, a tsakiya kuma akwai toho. Manoman Aliero, waɗanda albasarsu ta yi suna a duk faɗin Nijeriya, sun san cewa idan suna son iri sai su mayar da albasar ƙasa, ta fitar da doguwar sanda mai dunƙulen fararen furanni a kai. A Turai akwai dangin albasa da ake shukawa domin wannan dunƙule kaɗai, ba domin miya ba.

Gidaje huɗu na waɗannan tsirrai

Masu sayar da furanni sukan haɗa su duka a suna ɗaya, amma masana sun kasa su gida huɗu, kuma ba sai mun je nesa ba, kowane gida yana da wakili a madafarmu.

Gida na farko shi ne dangin albasa da tafarnuwa, wato masu ɓawo a kan ɓawo. Waɗannan sukan daɗe shekara da shekaru, suna girma suna haifar 'ya'ya a gefensu. Da 'ya'yan ake yaɗa su. Abin kiyayewa a nan shi ne faifan gindi, domin idan ya ruɓe ko aka sare shi, albasar ta tashi aiki.

Gida na biyu shi ne dangin gwaza. Idan ka yanka shi ba za ka ga ɓawo-ɓawo ba, dunƙule ne guda mai tauri. Da yawa daga cikin furannin wannan gida sukan cinye tsohon dunƙulen a damina ɗaya, su gina sabo a kansa, tare da ƙananan 'ya'ya kamar ƙwayar gyaɗa. Za'afaran, wanda yake cikin kayan ƙanshin girki mafi tsada a duniya, ɗan wannan gida ne. Ƙasar Iran ce ke noma mafi yawansa, kuma sai an tsinke furanni kimanin 150,000 kafin a sami kilo ɗaya.

Gida na uku shi ne dangin citta da gangamau, masu rarrafe a kwance a cikin ƙasa, suna fitar da toho daga gaɓa zuwa gaɓa. Ana yaɗa su ta hanyar karyawa, muddin kowane yanki yana da ido ɗaya ko biyu.

Gida na huɗu shi ne dangin doya da dankali da rizga da tumuku, masu tara abinci a kumburarren tushe. Su ma sai da ido suke tsira, kuma kowanne da inda idonsa yake.

Amfanin wannan rabe-rabe a fili yake. Wanda ya san gidan da tsiro ya fito, ya san zurfin da zai binne shi, ya san yadda zai raba shi, ya kuma san yadda zai adana shi. Yawancin asarar da mutane ke yi ta samo asali ne daga yi wa kowanne shuka iri ɗaya.

Namu na gida

Wani likita ɗan ƙasar Sikotlan mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya kuma biyo da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Daga bakin manoma da maharba da makiyaya ya ji sunayen da ya rubuta. Ga kaɗan daga cikin waɗanda suka shafi zancenmu, kuma duk wanda ya yi kiwo ko ya je gona yana yaro zai tuna da su.

Akwai albasar kwaɗi, wadda masana ke kira Crinum, mai son fadama da bakin rafi. Albasarta kan kai girman ƙoƙo, ganyenta dogo mai faɗi, furenta kuwa fari ne kamar kakaki, wani da jan layi a tsakiyar kowane kunne. Tana cikin tsirran da ake kira gadali, waɗanda maharba da Fulani da masu magani suka daɗe suna renonsu a tukwane a bayan ɗaki saboda wasu buƙatu nasu. Ashe ke nan shuka albasar fure a gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu, manufar ce kawai ta bambanta.

Akwai hatsin manoma, ɗan ƙaramin tsiro mai farin fure da ƙanshi, wanda ke ɓullowa tare da ruwan farko. Da yamma yake buɗewa, kafin rana ta yi zafi washegari ya yanƙwane. Ganinsa alama ce cewa lokacin ɗaukar fartanya ya yi.

Akwai rumana, 'yar gidan gwaza, mai ganye kamar takobi da furanni jere a jikin sanda, ja da ruwan ɗorawa. A kanta zan ɗan tsaya. Jinsin da masana ke kira Gladiolus dalenii yana fitowa a dazuzzukan Afirka tun daga nan yammaci har zuwa kudanci. An kai shi Turai daga kudancin Afirka, aka yi masa aure da wasu danginsa, kuma a 1841 wani mai gandun furanni a birnin Ghent na ƙasar Beljiyam, Louis van Houtte, ya fara sayar da irin da aka samu. Daga wannan zuri'a ne manyan furannin giladiyolas na yau suka samo tushe, waɗanda ake jerawa a otal-otal da wuraren biki. Wato abin da ake sayar mana da tsada a Abuja jika ne ga abin da muke nomewa a gonakinmu muna cewa ciyawa.

Akwai baurairai, ɗan gidan doya, mai hawa jikin shinge da ƙugiyar da ke bakin ganyensa. Furensa yakan fara da ruwan ɗorawa, ya rikiɗe ya koma ja, kunnuwansa a murɗe suna kallon sama kamar harshen wuta. A tsakiyar damina yake yin ado. Ƙasar Zimbabwe ta ɗauke shi a matsayin furen ƙasa, a jihar Tamil Nadu ta Indiya kuwa gonaki ake yi nasa, ana sayar da ƙwayarsa ga kamfanonin da ke fitar da sinadarin kolcisin, wanda likitoci ke amfani da shi ga wani nau'in ciwon gaɓoɓi.

Akwai kuma wanda masana ke kira Scadoxus, mai fitowa a inuwar itatuwa da gindin duwatsu da farkon damina, dunƙule guda ja wur kamar ƙwallon wuta, wanda ƙananan furanni fiye da ɗari suka haɗu suka yi shi. Sai doyar kurege mai ɗan fure rawaya dab da ƙasa, da albasar kura mai doguwar sanda da kan kai tsayin mutum, da bado wanda ke shimfiɗa fararen furanni a kan tafki. Dukansu babu wanda ya taɓa yi musu ban ruwa ko ya zuba musu taki, amma duk shekara suna cika alkawari.

Baƙin da suka zauna da waɗanda suka ƙi zama

Bayan namu, akwai baƙi daga ƙasashe masu zafi irin tamu da suka daɗe da zama 'yan gari. Na farko shi ne amarilis, ɗan Kudancin Amurka, mai manyan furanni ja ko ruwan goro, biyu zuwa huɗu a kan sanda guda. Halinsa ya saɓa wa na sauran, domin a cikin rani yake fure, bayan ya sha ƙishirwa na wasu makonni. Wannan ya dace da mu da muke dawowa gida bayan an gama girbi, lokacin Uhola da sauran bukukuwa, sa'ad da namu na daji duk suna barci. Na biyu shi ne kana, ɗan gidan citta, mai ganye kamar na ayaba da fure ja ko rawaya, wanda ke son wuri mai danshi kamar bakin rariya ko kusa da rijiya. Na uku shi ne tubaros, ɗan ƙasar Meksiko, mai farin fure da ke cika gida da ƙanshi da dare, wanda a Indiya ake nomawa domin yin turare. Na huɗu shi ne ɗan ƙaramin furen nan da ake kira furen ruwan sama, fari ko ruwan hoda, wanda ke buɗewa kwana kaɗan bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya kuma yi kyau a gefen hanyar shiga gida. Daliya ma daga Meksiko take, amma ta fi jin daɗin wuri mai sanyi irin Jos.

Sai baƙin da ba su zama, kuma a nan ne 'yan uwanmu masu tafiye-tafiye ke yin asarar kuɗi. Wanda ya je Holan ya ga lambun Keukenhof, inda ake binne albasar fure kimanin miliyan 7 duk shekara, dole furen tulif ya ba shi sha'awa. Asalin tulif daga duwatsun tsakiyar Asiya yake. Sarakunan Turkawa na Istanbul suka ɗaukaka shi, daga can ya shiga Turai, har wani masani mai suna Carolus Clusius ya dasa shi a lambun jami'ar Leiden a wajen 1593. Mutanen Holan suka haukace a kansa, farashin wasu albasoshi ya kai kuɗin gida, kafin kasuwar ta rushe a watan Fabrairu na 1637. Har yau Holan ce kan gaba a duniya wajen cinikin albasar fure.

To amma tulif da dafodil da ire-irensu ba su yin fure sai albasarsu ta kwana a cikin sanyin da bai wuce digiri 9 ba, har tsawon makonni 12 zuwa 16. Sanyin hunturunmu na dare ne da asuba, rana na ɗagawa ya kama gabansa. Wanda ya sayo su ya binne a Zuru, ko dai su ruɓe, ko su fitar da ganye kawai. Idan ma an riga an sanyaya su a firji kafin a sayar, sau ɗaya za su yi fure, shi ke nan. Kayan aro ba ya rufe katara. Darasin da ya kamata mu ɗauka daga Holan shi ne cewa sun ɗauki tsiron daji sun rene shi, sun tace irinsa, har ya zama dukiyar ƙasa.

Yadda ake shuka da kulawa

Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma mai lambu ya riƙe wannan magana da ma'anarta ta zahiri: babban abokin gabar albasar fure shi ne ruwan da ya kwanta. Ban da albasar kwaɗi da kana da bado, sauran duk suna son ƙasa mai tsane ruwa. Inda ƙasa ta cika laka, a gauraya ta da yashi, a ɗaga kunya. Takin dabbobi kuwa sai wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanye yana ƙona albasa, yana kuma gayyato gara.

Wajen saye, a zaɓi mai nauyi da tauri, wadda ba ta da laushi ko ɗoyi ko baƙin tabo a gindi. Babbar albasa ita ke ba da fure a shekarar farko, ƙarama sai an yi mata haƙuri.

Wajen binnewa, kowane gida da ƙa'idarsa. Amarilis ba a rufe shi duka, akan bar kashi ɗaya cikin uku a waje. Albasar kwaɗi a bar wuyanta daidai da fuskar ƙasa, a ba ta fili, kada kuma a riƙa tone ta, domin ba ta son ƙaura. Rumana a binne ta zurfin santimita 10 zuwa 15, tsininta na kallon sama, za ta yi fure cikin wata biyu da rabi zuwa uku. Wanda ya shuka ta kashi-kashi, mako biyu tsakani, zai daɗe yana ganin fure. Kana a kwantar da shi kamar yadda ake shuka citta. Baurairai ma a kwance ake sa shi, a zurfin yatsa guda, kuma a yi hattara da shi ƙwarai, domin yana da saurin karyewa, idonsa kuma a can bakin tsini yake, idan ya gutsure ba zai tsira ba. A kafa masa abin hawa tun ranar shuka. Lokacin shukar mafi yawansu shi ne idan damina ta kankama, wato daga tsakiyar Mayu zuwa Yuni.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke ganye da zarar fure ya faɗi, wai don wuri ya yi tsabta. Ganyen nan shi ne ke noma abincin da ake zubawa a rumbu domin baɗi. A cire sandar furen kawai, a bar ganye har ya yi rawaya ya bushe da kansa. Daga nan a daina ban ruwa, a kafa ɗan turke a wurin domin kada mai shara ko mai gini ya tone. Wanda yake son ya cire ya ajiye, ya yi yadda ake yi wa albasar miya: a shanya a inuwa, a zuba a kwando ko cikin busasshen yashi a wuri mai iska. Kada a ƙulle a leda. Bayan shekara uku ko huɗu, idan sun cunkushe, a tone a raba, a ba maƙwabci. Akwai wata tsutsa baƙa mai ɗigon fari da rawaya da ke huda ganyen amarilis da albasar kwaɗi ta gangara har cikin albasa. A riƙa dubawa da damina, a tsince ta tun tana ƙarama.

Gargaɗi ga iyaye

Iyayenmu mata, wannan sashe naku ne musamman. Tsiron da ya ɓoye abincinsa a ƙasa dole ya tsare shi daga ɓera da gafiya, kuma da dafi yake tsaronsa. Baurairai yana da dafi daga saiwa har ƙwaya, kuma a Indiya da Siri Lanka an sha samun mutanen da suka mutu bayan sun ci tushensa bisa zaton doya ce. Albasar kura tana taɓa zuciya, tana kuma kashe dabbobi. Scadoxus kuwa a wasu sassan Afirka da shi ake haɗa dafin kibiya. Amarilis da albasar kwaɗi su ma suna sa amai da gudawa. Saboda haka kada a taɓa ajiye albasar fure a madafa ko kusa da albasar miya. Kada a shuka masu tsananin dafi inda yara ke wasa ko inda awaki ke kai baki. A wanke hannu bayan an taɓa su. Idan tsautsayi ya sa yaro ya ci, a garzaya da shi asibiti nan take tare da guntun abin da ya ci, kada a tsaya jiran alamu, domin dafin baurairai yakan ɗauki sa'o'i kafin ya nuna kansa. Kasancewar magabata sun yi magani da wasunsu ba hujja ba ce ga wanda bai san ƙima ba.

Abin da ke gabanmu

Yanzu na zo ga dalilin da ya sa na ce muna asarar gado. Tsiron da wuta da fari suka kasa kashewa, yau ga shi yana faɗuwa a hannun maganin feshi. Irin maganin nan mai bin jijiya yakan shiga ta ganye ya gangara har cikin albasa. Garmar tarakta tana tono abin da fartanya ke tsallakewa, gine-gine suna cinye bayan gari, ana kuma cike fadamu. Tare da tsirran, sunayensu ma suna tafiya. Dattawanmu suna da sunayen waɗannan tsirrai a C'lela da Fakkanci da Dukkanci da Kambarci da sauran harsunan masarautar nan, sun san inda kowanne ke fitowa da abin da fitowarsa ke nufi ga manomi. 'Ya'yanmu da aka haifa a Kubwa da Barnawa da Agege ba su taɓa ganinsu ba, balle su san sunansu. Rashin tsaro kuma ya raba ƙauyuka da dama da gonakinsu, ya tura dattawan da ke riƙe da wannan sani zuwa cikin gari.

Don haka ina gabatar wa wannan ƙungiya da shawarwari huɗu.

Na ɗaya, duk mai gini a gida ya bar aƙalla taku biyu na ƙasa a jikin katanga, ya dasa itace guda domin inuwa, ya jera albasar fure a gefe. Ya haɗa na damina da na rani, domin gidan ya kasance da ado ko yana nan ko ba ya nan.

Na biyu, ƙungiya ta nemi haɗin kai da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru, wadda aka kafa a 2020 a gurbin tsohuwar Kwalejin Aikin Gona, domin a keɓe ɗan fili a tattara furanni masu albasa na ƙananan hukumominmu huɗu, wato Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba. Kowane tsiro a kafa masa allo da sunansa a harsunanmu da Hausa da kuma sunan da masana suka ba shi.

Na uku, a tura ɗalibanmu lokacin hutu su zauna da kakanninsu, su ɗauki hoton tsiro da wayar hannu, su naɗi sunansa da bayaninsa daga bakin masu shi, a buga abin da aka samu a wannan mujalla tamu a fitowa ta gaba.

Na huɗu, a koya wa ƙungiyoyin mata da matasa yadda ake yaɗa waɗannan furanni domin sayarwa. Duk wanda ke zaune a Abuja ko Kaduna ya ga masu sayar da tsirrai a bakin titi, ya kuma ga yadda ake ƙawata wuraren biki da furen roba da aka shigo da shi daga waje. Albasar fure tana da wata falala a kan sauran tsirrai: idan tana barci ana iya zuba ta a kwali a sa a mota, ta yi kwanaki a hanya ba ta lalace ba. Sai dai ina jan kunne, kada wannan ya zama dalilin afka wa daji da diga. A ceto waɗanda ke filin da za a gina ko za a fesa wa magani, a karɓi iri da 'ya'ya daga wurin masu shi, a yaɗa a lambu. Albasar kwaɗi da aka shuka daga ƙwaya takan ɗauki shekara uku ko fiye kafin ta yi fure, don haka abin da aka tone a yini ɗaya ba ya dawowa a damina ɗaya.

Mai girma shugaba, iyayena da 'yan uwana, an san mutumin Zuru da noma da jarumtaka da riƙon amana. Kakanninmu sun yi golmo shekara da shekaru a gonar surukai ba su gaji ba, don haka renon albasar fure ba zai gagare mu ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina roƙon kowannenmu, kafin ya koma bakin aikinsa, ya nemi dattijo ɗaya ya tambaye shi sunan fure ɗaya a harshen gidansu, ya kuma nuna wa mai tsaron gidansa inda za a binne albasa ta farko idan damina ta sauka.

Allah Ya ja zamanin Mai Martaba, Ya zaunar da ƙasar Zuru da Jihar Kebbi da Nijeriya lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.